Daminar da muka yi wanki da ruwan sha

Shekarar da na ci satifika, jarrabawar gama firamare, ban shiga garinmu da ƙafa ba. A bayan kamyo, babbar motar kaya, na shiga, tsaye, na riƙe ƙarfe, iska na kumbura mini riga. Kamyon na masu sayen gujiya ne, ya taso daga Tasawa ba kaya zai bi ta wajen Kanambakashe, direban ya ce in hau tunda ni ɗan lekol ne, wato ɗan makarantar boko. Duk gonar da muka wuce sai in ɗaga hannu in ce bonjur, su ma su ɗaga hauya, ba su ma san ɗan wa ke gaishe su ba. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba a lokacin, ni kuwa a ganina rabin mulkin nan nawa ne. Bakina cike yake da faransanci. In an ce sannu in ce sa ba, in an miƙo hura in ce mersi, in abu ya ƙare in ce se fini, wala. Har wani dattijo ya ja babana gefe ya tambaye shi ko iska ce ta taɓa ni a Tasawa.

Kafin in hango gidanmu, fari na fara gani. A bakin gari akwai wani sabon shinge na ƙaya, an lulluɓe shi da fararen riguna da rawuna da zannuwa, kamar balbelu sun sauka. A tsakiyar shingen ga rijiya ta siminti, sabuwa fil, mata na ja suna zubawa a ƙwarya, kumfar sabuni ko'ina. Na tafi lekol babu ita, na dawo na tarar da ita.

Da rani aka gina ta. Maginan gwamnati suka zo da siminti da ƙarfe, kowane gida ya ba da namiji guda na jan ƙasa, mata suka riƙa kai hura. Da aka gama, maigari ya ce shi bai san kan ruwa ba, sha'anin mata ne, ya danƙa ta ga tsofaffin gari. Su kuma suka sa kakata, uwar babana, ta zama babbarsu, don ta fi kowa shekaru, ta kuma fi kowa baki. Dokokinta ba wasa. Ba a shiga shingen da takalmi. Akuya ko jaki ba ya ƙetarawa. Guga ɗaya ne na gari duka, in an gama a rataye shi a gwafa, ba ya kwana a ƙasa. Kowace unguwa da ranar shararta. Wallahi ko farfajiyar lekol ɗinmu ba ta kai wurin nan tsabta ba.

Sai dai ba mai shan ruwan.

Na tambayi dalili aka dube ni kamar ni ne baƙo. Ruwan rijiyar, in ji su, salam yake, ga warin siminti, in ka kurɓa kamar ka lashi bango. Ga shi damina ta sauka, tabkin bayan gari ya cika, ruwansa ja-ja mai ƙamshin ƙasa, wanda aka saba da shi tun kakanni, mai riƙe ciki. Matsalar tabki ɗaya ce, yana ɓata farin kaya. A kakar da ta wuce kuwa gujiya ta yi kyau, aka kai awo, kowa ya dawo da farin yadi, har wanda bai taɓa sa riga mai aljihu ba. Ka wanke farar riga a tabki sau biyu ta koma launin tukunya. To ga ruwa garai-garai Allah ya kawo. Sai gari ya raba aiki ba tare da an yi taro ba: rijiya ta wanki, tabki na sha. Tun da safe mata ke jan ruwan wanki, kafin rana ta take rijiyar ta ja baya, sai laka-laka, a jira yamma ta sake tarawa.

Ni abin dariya ya ba ni da farko. Na ce in na koma sai na ba abokaina labari su faɗi ƙasa.

A gida na tarar babu autarmu. An yaye ta, an kai ta wurin kaka a can ƙarshen gari, kamar yadda ake yi, ta zauna har ta manta nono. Inna ba ta zuwa, don in yarinyar ta gan ta aiki ya koma baya. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunana, ba ta ma cika dubana ido da ido ba. Ranar da na dawo da satifika abin da ta ce kawai shi ne a zuba wa wancan tuwo da yawa. Amma da safe ina wanke fuska sai na ji tana magana da randa, wai da akwai mai ƙafa a gidan nan da ya je ya dubo mata yarinya ya zo ya gaya mata yadda take.

Na sa wandona na kaki na tafi.

Tsakanina da kaka wasa ne tun ina rarrafe. Ni ne mijinta, ita ce amaryata. Ina yin sallama ta leƙo ta ce, "A'a, maigida ya dawo daga birni. Ina zanen da ka sawo mini, ko takarda zan ɗaura?"

Na ce, "Madam, zane sai kin yi sabbin haƙora."

Ta ce mijin da ƙafafunsa kamar sillen kara ba ya zaɓen mata. Muka yi ta yi. Ina cikin dariya na hango ƙanwata kwance a tabarma a inuwar rumbu, dariyar ta tsaya mini. Na bar ta tana gudu tana faɗuwa, kumatu kamar ƙosai. Yanzu wuyanta ya yi siriri, idanu sun shiga ciki, ta dube ni ba ta ko ɗaga hannu ba. Kaka ta ce zawo ne take yi, na haƙora ne da kewar nono, duk ɗan yaye haka yake yi, kuma ai damina ce, yaran unguwa da yawa cikinsu na gudu. Ta ce yara nawa aka yaye a hannunta, har da ubana, ba wanda ya lalace. Tana faɗa tana tsiyaya wa yarinyar ruwa daga tulu a ƴar ƙwarya, ja-ja, na tabki.

A lekol malaminmu, da muke ce wa mushe, ya taɓa zana mana ƙwayoyin cuta a allo, mikrob, masu ƙafafu kamar gizo-gizo, ya ce cikin ruwan kwance suke zama. Ranar na haddace don jarrabawa ne kawai. Sai a gidan kaka na tuna da su.

Na koma na gaya wa randa abin da na gani, Inna na tsaye a bayanta. Ta ci gaba da tankaɗe. Ita ba ta iya buɗe baki gaban uwar mijinta ta ce ruwan da kike ba ɗiyata ba shi da kyau. Baba ma ba zai iya ba, mutumin da har yau in zai gaishe ta sai ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar gida ya durƙusa. Duk gidanmu mutum ɗaya ne ke da izinin gaya wa tsohuwar nan magana son ransa. Inna ta kakkaɓe rariya ta ce, ba ta dube ni ba, "Ai tana da miji."

Sai na ɗauki aikin da zafi. Na je na zauna na yi wa kaka darasi tun daga farko, har na zana mata mikrob a ƙasa da tsinke. Ta sunkuya ta duba, ta ce wannan ai kaska ce, kuma in da kaska a tulunta da ta gani. Na ce ba a ganin su da ido. Ta ce to ni da wane ido na gan su? Na ce mushe ne ya faɗa. Ta ce shi mushen uwarsa da wane ruwa ta yaye shi? Maƙwabta suka taru a bakin darni suna dariya, wata ta ce a bar ango da amarya su sasanta.

Da magana ta ƙi, na koma dabara. Ta tafi rijiya duba masu shara, na zubar da ruwan tulunta na cika shi da na rijiya, na zauna ina fito kamar ba ni ba. Ta dawo ta ɗebo ta kai baki. Ko haɗiyewa ba ta yi ba, ta fesar, ta ɗauki muciya. Na tsallake darni ina ce mata pardon madam, tana ce mini ta sake ni, saki uku, in zo in kwashe kayana.

Abin ya daina zama wasa da safiyar da ƙanwata ta ƙi karɓar ko kunu, kanta na lanƙwashewa a kafaɗar kaka. Ranar ban yi faransanci ba. Na tsuguna gabanta na ce, "Kaka, mu kai ta Mayahi." Ban taɓa kiranta kaka ba sai ranar. Ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta ce in je in gaya wa ubana ya nemo amalanke.

Muka kama hanya, Baba na kora shanun, kaka na rungume da yarinya an lulluɓe ta da zane, ni ina gefe ina riƙe da gorar ruwan da kaka ta cika a tabki don hanya. Gero ya kai gwiwa ko'ina, gujiya ta rufe ƙasa, gari ya yi kore shar, amma ba wanda ya yi maganar gona.

A gidan likita na Mayahi muka tarar da lokotoro, wani dogo mai fara'a, Bahaushe ne amma na wajen gabas. Ya duba idon yarinyar, ya ja fatar cikinta ya saki, ya tambayi abin da take sha. Na miƙa masa gorar. Ya tsiyaya a kofin gilashi ya ɗaga wajen taga. Ba sai an yi bayani ba, abubuwa na yawo a ciki, wasu har da ƴan ƙafafu. Na dubi kaka, ta kau da kai ta ce wannan ai ba kaska ba ce.

Lokotoron ya tambayi garinmu, Baba ya faɗa. Ya ce, "Ba ku ne aka gina wa rijiya bana ba?"

Kaka ta gyara zama. Ta ce, "Mu ne, kuma ni ke riƙe da ita. Ka kawo rigar ga taka ka gani, ɗana. In ba ta hi haka hita ba ka canza mini suna."

Mutumin ya ajiye kofin ya yi dariya har ya dafa tebur. Da ya gane da gaske take, ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya kira ta Inna, ya yi mata magana a hankali. Ya ce rijiyar da ta tsare haka da kyau ita ce maganin jikarta. Ya ba da magani, ya ce ruwan rijiya kaɗai za a ba yarinyar, a tafasa shi a bari ya huce, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan ba fashi, ko ta ƙi. Ya ce in aka koma wa tabki, maganinsa ba zai yi komai ba. Da muka fito kaka ta karɓi gorar daga hannuna ta juye wa shanu a ƙafa.

Na ɗauka an gama. Ashe ƙanwata jikar kakarta ce. Aka tafasa ruwan rijiya aka kai mata baki, ta kurɓa, ta tofar, ta juya kai. Aka sake, ta datse haƙora. Ruwan da ma salam, an kuma tafasa shi, ni kaina da na ɗanɗana sai da na yamutsa fuska. Na ce a toshe mata hanci a ɗura. Kaka ta ce a gidan wa? Ta ce ba a taɓa yi wa ɗan yaye ɗure a hannunta ba, ba kuma za a fara don mijinta ya ci takarda ba.

Ta aike ni gidan mai ginin tukwane in karɓo sabuwar randa ƙarama, wadda ruwa bai taɓa shiga ba. Ta haƙa ɗan rami ta zuba garwashi, ta barbaɗa ƙajiji, irin wanda mata ke turara ɗaki da shi, ta kife randar a kai har hayaƙin ya kama cikinta. Ta ɗauko saiwar jema mai ƙamshi ta wanke, ta jefa cikin ruwan yana tafasa. Da ya huce ta juye a randar ta rufe da faifai, ta ajiye a inuwa kan jiƙaƙƙen yashi. Tana yi tana mita, wai an mai da ita kuku a gidanta. Zuwa la'asar ta ɗebo ta fara kurɓa da kanta, ta juya shi a baki, ta ce, to, wanga ya fara zama ruwa.

Ƙanwata ta sha. Kurɓi ɗaya ta tsaya tana kallonmu, sannan ta kama ƙwaryar da hannu biyu. Na yi tsalle na ce wala, sa y e! Kaka ta ce in rufe mata baki kar in firgita yarinya da yaren aljanu.

Sauran aikin a bakin rijiya aka yi shi. Don in za ka ɗebi ruwan sha mai kyau sai da safe, da safe kuwa masu wanki sun riga sun kama guga. Kaka ta tara tsofaffin da ke riƙe da rijiyar tare da ita, suka zauna gindin gawo suka yi ta muhawara, ina jiyo su daga nesa. Wata ta ce jikokinta uku cikinsu na gudu, wata ta ce nata ma. Da suka tashi aka sa doka sabuwa: jan safe na randar yara ne, duk gidan da ke da ƙaramin yaro shi ke fara ɗiba. Wanki sai bayan azahar, da abin da ya samu. Kaka ta riƙa bi gida-gida da ƙullin ƙajiji a bakin zane tana nuna yadda ake yi, kamar ita ta ƙirƙiro zancen tun farko. Har mikrob take faɗa, ta ce masa mukurubu, ta ce ita da idonta ta gan shi a Mayahi, ƙafafunsa shida.

Maza ne suka yi ƙorafi. Wankin yamma ba ya bushewa da damina, ga Juma'a. Wani mai awon gujiya, wanda rigunansa suka fi na kowa yawa a shingen, ya zo da kansa ya tsaya a waje, don bai yarda ya tuɓe takalmi ba, ya ce yanzu da wace riga zai shiga masallaci? Kaka ta ce ya shiga da wadda ubansa ya shiga da ita, ta san ta, baƙa ce, kuma sallarsa ta karɓu. Matan wurin suka kwashe da dariya, har matarsa. Ya kai ƙara wurin maigari, maigari ya ce shi fa tun farko ya faɗa bai san kan ruwa ba.

Ban ce kowa ya bar tabki ba. Manya da yawa sun ci gaba da sha, kaka ma a cikinsu. Tana da ɗan tulunta a bayan ɗaki, ta ce ita cikinta ya tsufa da mukurubu, sun san juna. Amma yara aka koma ba su na randa, kuma kafin gero ya fitar da kai kukan da ake ji a unguwarmu ya ragu, ko ni da ba na lura da irin wannan na lura.

Ƙanwata ta fara zama, ta fara rarrafe wajen kaji, ranar nan na zo na tarar ta tsoma hannu cikin hurar kaka har gwiwar hannu. Kullum in na koma gida sai na ba randa rahoto: yau ta ci tuwo, yau ta ciji kaka, yau ta kori zakara. Inna na jin duka tana aikinta, tuwona kuwa ya riƙa ƙaruwa.

Ana saura kaɗan in tafi kolej a Maraɗi kaka ta ce yaye ya yi, yarinya ta manta nono, za ta mai da ita. Ta yi mata wanka, ta shafa mata man shanu, ta goya ta, ni ina biye da ƴar randar a kai. Muka yi sallama. Inna ta fito daga madafa ta durƙusa ta gaida kaka, gaisuwa mai tsawo, gida, gona, gajiya, ba ta ko kalli bayan tsohuwar ba. Sai da kaka ta kwance goyon ta ce, "Ungo kayanki, ta cinye mini gero."

Yarinyar ta tsaya a ƙasa da ƙafafunta, ta dubi Inna kamar tana son tuna inda ta san ta, ta koma ta ɓuya a zanen kaka. Inna ta miƙa hannu ta jira. Can yarinyar ta taho. Inna ta ɗaga ta, sai na ga ta sake gyara tsayuwa don ba ta zaci nauyin ba. A garinmu ba a yabon yaro a gabansa, kar baki ya kama shi. Inna ta jujjuya ta, ta duba wuya, ta duba cinya, ta latsa kumatu.

Ta ce, "Kai, wannan yarinya ta yi muni."

Kaka ta ce, "Ƙwarai kuwa. Muni sosai."

Suka zauna a tabarma ɗaya, yarinyar a tsakiyarsu tana jan ɗankunnen Inna.